Gwaggo da Busar Bayan Labule

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Gwaggo ta riga mu tafiya a ƙarshen sanyin da ya wuce, a wani asibiti nan Croydon, tana da shekara saba'in da 'yan kai. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina yarinya, lokacin da aka kawo ni Landan. Ni ba mai zurfin karatu ba ce. Na ɗauki alƙalami ne saboda akwai abu guda a rayuwarta da aka so a rufe, ni kuwa na duba ban ga abin rufewa ba.

A ɗan flat ɗinta aka yi zaman makoki. Falo ya cika, kicin ya cika, takalma har bakin matakala. Gwaggo ungozoma ce, ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya, kuma da wuya ka sami gidan Bahaushe a kudancin Landan da ba ta shiga da tukunyar kunun kanwa bayan haihuwa ba. Maƙwabciyarta, mutuniyar zangon Kumasi, ta zauna a ƙasa tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Hajiya shi ne uwa na a nan. Yara na duka, shi ya fara ɗauka kafin ni." Wata matar likita ta tuna funkaso da miyar taushe da Gwaggo take kaiwa masallacin Regent's Park ranar Sallah, tana zuba wa ɗalibai bayan Idi, tana musu faɗa a kan ba sa kiran iyayensu a waya. Aka ɗan yi dariya, aka koma addu'a.

Washegari bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, na ga tsofaffin Turawa riƙe da furanni. A gabansu wata 'yar tsohuwa ce mai dogara sanda, ta ɗaura ɗankwali, ta cire takalmi ba tare da an ce mata ba. Kowa a falo ya juyo.

Wata ta raɗa wa ta kusa da ita, "Daga hukumar council ne?"

"Ina jin 'yan asibitinsu ne."

Yaya ya fito. Shi ne ɗan Gwaggo na fari, kuma shi kaɗai ta haifa. Tsohuwar ta dube shi, ta ce da Turanci, "Kai ne ɗan. Mahaifiyarka ce ɗalibata mafi taurin kai, kuma ban taɓa alfahari da wata kamarta ba. Da ka ji yadda take busa sarewa."

Duk wanda ke falon yana jin Turanci. Wata dattijuwa ta ajiye carbinta a cinya ta ce, "Busa? Hajiyar?"

Yaya ya yi godiya, ya karɓi furannin, ya sa aka ba baƙin shayi. Da suka tafi ya kira ni bakin matakala. Ya ce, "Maganar sarewar nan ta tsaya a nan. Kada in gan ta a group ɗin 'yan uwa. Hajiya ta tafi da mutuncinta, ba za a mayar min da uwa maroƙiya bayan ranta ba. Sarewar zan mayar wa mai ita. Mamana ma ta daina zuwa wurin tsohuwar nan."

Mamana ita ce 'yarsa, mai sunan Gwaggo, shi ya sa ba ya kiran sunanta. Shekararta goma sha biyar, kuma duk Asabar tare suke zuwa koyon busa da kakarta. Na koma ciki, ba a musu a gidan makoki.

Ga yadda abin ya samo asali. Ba a daɗe da ritayar Gwaggo ba ciwon ƙirji ya kwantar da ita a asibiti. A gadon da ke kusa da nata akwai wata tsohuwa Bafaranshiya da aka yi wa aikin ƙugu, ba mai zuwa duba ta. Gwaggo, da robar iska a hanci, ta sa ni na riƙa zuwa da farfesu kwano biyu. Ita ke tashi ta gyara wa matar matashi, ita ke kiran nas idan an manta da ita. Da za a sallami Gwaggo aka ba ta wata 'yar roba mai ƙwallaye a ciki, aka ce ta riƙa aiki da ita don huhunta ya buɗe. Ta juya ta, ta ce, "Ni da furfurata in zauna ina wasa da ƙwallo?" Bafaranshiyar ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. Ta ce ita malamar sarewa ce, tana zaune a Marylebone, can tsakiyar Landan, idan dai iska ake so a hura, tana da abin da ya fi wannan. Ita ce tsohuwar da ta zo mana gaisuwa. Madam Gwaggo take ce mata.

Sarewar Turawa ce, ta azurfa, wadda ake riƙewa a kaikaice, Madam ta ba ta kyauta. Watannin farko babu abin da ke fita sai huci, kamar ana hura gawayi. Ina kicin ina danne dariya, Gwaggo ta leƙo ta ce, "Yi dariyarki. Ke ma da aka haife ki sai da aka mare ki kafin kika yi sauti."

Da hannunta ya fara faɗawa, Madam ta riƙa ba ta ƙananan waƙoƙi, Gwaggo tana ture su. Wannan na rawa ne, ba ta so. Wancan na coci ne, ba nata ba ne. Sai ranar da Madam ta gaji, ta ɗauki tata sarewar ta busa wani abu don kanta. Kiɗa ne da wani Bafaranshe ya rubuta kafin yaƙin duniya na farko, na sarewa ita kaɗai, babu ganga, babu murya, babu mai raka ta. Gajere ne, kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Yana farawa daga sama ya gangaro yana lanƙwasa, ya tsaya, ya sake komawa sama kamar wanda ya manta wani abu, daga baya ya sauka ƙasa ya yi ta raguwa har ka kasa gane inda ya ƙare.

Gwaggo ta ce, "Wannan fa?"

Madam ta ce wannan ya fi ƙarfinta, masu shekaru a hannu ma suna jin tsoronsa. Ta ba ta labarinsa: don wani wasan kwaikwayo aka rubuta shi, wai busar ƙarshe ce ta wani makiyayi na tatsuniyoyinsu. Kuma tun asali ba a ganin mai busawa, a bayan labule yake tsayawa, mutane su ji sauti kawai.

Gwaggo ta dawo gida tana ta juya maganar. Zancen makiyayin bai dame ta ba, ta ce wannan tatsuniyarsu ce. Labulen ne ya kama ta. Tana yanka albasa ta ce min, "Ashe a cikin Turawa ma akwai mai kunya. Mutumin nan ya san ba komai ake yi a gaban jama'a ba."

Tun daga ranar ba ta ƙara koyon wani kiɗa ba. Shi kaɗai, shekara da shekaru. Madam ta yi lallashi, ta yi fushi, ta ce akwai ɗaruruwa masu daɗi. Gwaggo ta ce, "Wannan ɗin na gama shi ne?" Ba ta taɓa kiransa kiɗa ba, motsa huhu take cewa. Lokacinta bayan la'asar ne. Ta naɗe sallaya, ta rufe ƙofar ɗaki, ta tsaya a tsaye. Ranar Juma'a ba ta taɓa sarewar, watan azumi kuwa tana saman kwaba har sai an sha ruwan Sallah da kwana biyu. Takardar kiɗan mai layi-layi da ɗige-ɗige ta daina dubawa tun da wuri, ta ce yadda aka koya mata karatu a zauren mahaifinsu, abin da bai shiga ka ba bai zama naka ba.

A gaban Yaya kuwa ba ta taɓa busawa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, "wancan yaron" take cewa har ya yi furfura a gemu. Shi ma idan ya zo ya ji sauti daga ɗaki ba ya shiga. Ya tsaya a matakala yana danna waya har a gama, sannan ya yi sallama kamar yanzu ya iso. Ba su taɓa maganar ba, ko sau ɗaya.

Rigima guda na sani a kan sarewar, da Baffa, wansu Gwaggo da mahaifina, limami a unguwarmu a Zariya. Ya zo ganin likitan ido ya sauka wurinmu. Gwaggo ta tura akwatin sarewa ƙarƙashin gado, ta daure, ta daure. Ranar da ta ga ya fita ta ce bari ta ɗan motsa huhu. Ashe an soke ganin likitan, ya dawo da wuri. Ya tsaya a falo ya ce min, "Wa ya kunna rediyo?" Kafin in haɗa amsa ya tura ƙofa.

"Ke ce?"

"Ni ce, Malam."

"Mahaifinmu ya ƙare rayuwarsa yana karantar da mutane. Maroƙa a ƙofar gida suke tsayawa, ba sa wuce zaure. Yau 'yarsa ce da abin busa a baki?"

Gwaggo ta sauke sarewar, ta rusuna kamar yadda ta saba yi masa. Ta ce, "Malam, maroƙi yana busa ne don a ba shi. Ni wa na roƙa? Wa na zuga, wa na zaga?"

"Ba a san gidanmu da wannan ba."

"Ba a san gidanmu da ungozomar asibiti ba ma sai da na fara. Kuma kai ka raka ni tasha."

Baffa ya juya ya fita. Ya daina cin abincinta, sai burodi da shayi. Ita kuwa kullum ta tuƙa tuwo ta ajiye masa a rufe, in ya huce ta ɗauke, gobe ta sake. Ba ta ƙara busawa ba har ya tafi, kuma ba ta ba shi haƙuri ba. Ranar da muka kai shi filin jirgi, ya riga ya miƙa jakarsa, ya waiwayo ya ce mata, "Ni dai ra'ayina yana nan. Ki riƙa rufe taga." Ta ce, "To, Malam." A mota ta ce min, "Kin ji, bai ce in daina ba." Har ta rasu suna waya duk mako, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Sau ɗaya tak ta busa wa jama'a. Ɗaliban Madam suna taro duk shekara a wani ɗakin taro na unguwa, kowa ya fito ya nuna abin da ya koya. Gwaggo ta yi ta ƙi. Daga baya ta ce za ta yi, amma yadda mai kiɗan ya tsara tun farko: a bayan labule, kuma kada a faɗi sunanta. Aka rasa labule, sai wani ya aro irin wanda ake turawa a zagaye gadon mara lafiya. Da ta gan shi ta ce, "Wannan ai ofishina ne, a bayansa na tsufa."

Ina cikin masu sauraro. Aka rage fitila, aka yi shiru. Sai sautin ya fito, siriri, a tsaye, ba rawar murya. Na sha jin sa ta bayan ƙofa ina wanke-wanke, amma ban taɓa zama na saurara ba. Mutumin da ke kusa da ni ya rufe ido. Wata mata ta tsaya da hannu a cikin jaka, ba ta ƙarasa fito da abin da take nema ba. Ni kuwa ina ta faɗa a raina, Gwaggona ce wannan, 'yar Zariya, wadda ta fara riƙe sarewa da furfura a kai. Da sautin ya ɓace ba wanda ya motsa na ɗan lokaci, sannan aka ɗauki tafi. Madam ta ja labulen, babu kowa. Gwaggo ta riga ta fice ta ƙofar baya.

A tashar tram, jirgin nan na kan titi, na same ta, akwatin sarewa a cikin jakar cefane, ƙarƙashin alayyafo.

"Gwaggo, ana ta tafi, ana neman ki."

"Sun ji?"

"Sun ji."

"To me kuma suke so su gani?"

Mamana tun tana ƙarama take laɓewa a ƙofar ɗakin, har wata rana Gwaggo ta buɗe ta jawo ta ciki. Haka suka zama abokan tafiya Marylebone. Suna cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa suna tsokanar juna, kaka da Hausa, jika da Turanci. Gwaggo ta ce, "Takwara, yatsunki kamar taliyar da ta dahu." Yarinyar ta ce ita dai ta iya kiɗa goma, wata kuwa tun kafin a haife ta tana kan guda. Gwaggo ta ce, "Goman naki, wanne ne zai gaishe ki idan kun haɗu a hanya?" Yaya ya sani, ya kau da kai, don ba ya iya hana mahaifiyarsa abu.

Ciwon ƙirjin ne ya dawo ya tafi da ita. Ba ta bar wasiyya a kan sarewar ba, ina jin ba ta zaci za ta zama abin magana ba. Bayan addu'ar arba'in malami ya zo rabon gado. Da aka zo kanta ya ce malamai sun yi saɓani a kan kayan busa, shi dai ba ya sa su cikin abin da yake rabawa, mu san yadda za mu yi. Sai ta zama ba ta kowa ba. Yaya ya ɗauka ya sa a but ɗin motarsa, ya ce in ya sami sarari zai kai wa Madam. Mamana ba ta yi kuka ba. Gaisuwa kawai ke haɗa ta da ubanta.

Ranar da za mu mayar wa council, masu gidan, makullin flat ɗin, mu uku muka je: ni, Yaya da Mamana. An kwashe komai, sai kwali ɗaya a bakin ƙofa da sawun ƙafafun kujeru a kan kafet. Daga nan Yaya zai wuce Marylebone. Mamana ta tsaya a gabansa ta yi masa Hausa, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Baba, sau ɗaya. A ɗakin Hajiya. Sai ka kai."

Ya daɗe yana kallon ta. Sai ya miƙa mata makullin mota.

Ta ɗauko sarewar daga but, ta shiga ɗakin ta busa kiɗan kakarta. Ɗaki babu kaya, sautin ya cika gidan. Yaya yana falo, ya ba mu baya, yana kallon titi ta taga. Yarinyar ta iya, ban san ta kai haka ba. Kusa da ƙarshe akwai wata doguwar gangara, ta ɗauke ta da numfashi ɗaya, sumul, har ƙasa.

Yaya ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ba haka ba ne."

Ta leƙo. "Na'am?"

"Kafin saukowar ƙarshe akwai inda take tsayawa. Ta ja numfashi, sannan ta sauko. Ke kin wuce kamar tram zai tafi ya bar ki."

Ta koma Turancinta. Ta ce, "Baba, ai wannan kuskure ne. Kullum Madam tana mata faɗa a kai. Numfashinta ne ba ya kaiwa."

"Na san ba ya kaiwa. Daga matakala ana jin ƙirjinta." Sannan ya ce, "Sake, Mamana."

Ta sake daga farko. Da ta iso wurin ta tsaya, ta ja numfashi. A wannan ɗan shirun na dafa bango. Yaya ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Ta sauko a hankali har sautin ya ƙare.

Ya sunkuya ya ɗauki kwalin. Ya ce wa 'yarsa, "Ki goge cikinta kafin ki rufe, Hajiya ba ta ajiye ta da danshi. Ranar Asabar ƙarfe nawa kuke zuwa wurin tsohuwar nan?" Ta faɗa masa. Ya ce shi zai kai ta.

A matakala ya tsaya ya ce min, "Abin da kike ta so ki rubuta, rubuta. Amma ki fara da cewa bai taɓa sa ta jinkirta salla ba."

Ban fara da shi ba, Yaya ya yi min haƙuri, amma ga shi na faɗa, kuma ni shaida ce: bai taɓa ba. Gwaggo ungozoma ce, mai ciyar da baƙo, mai tsare lokacin salla, kuma ta iya busa sarewa har ɗaki cike da mutane ya yi tsit. Duka ita ce, ba mu cire ko ɗaya ba. Allah Ya gafarta mata, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa ta huta daga wahalar numfashi.